Gwiwar Orval Tidwell

A garinmu na yammacin Texas, in ka ce Orval Tidwell za a tambaye ka wanne: na injin gurzar auduga ko na daren Asabar? Mutum ɗaya ne. Ranakun aiki yana cikin baƙin mai har gwiwar hannu, Asabar kuwa sai ya sa farar riga, ya zauna a kusurwar dandamalin zauren rawa, gitarsa ta kwance a gabansa kan ƙafafunta huɗu kamar keken ɗinki.

Ba ya waƙa, ba ya murmushi, ba ya ɗaga kai. Hannun hagu na jan guntun ƙarfe mai santsi bisa tsarkiya goma, ƙafar hagu na kan fedoji, gwiwoyi biyu na tura ƙarafan da ke rataye a ƙarƙashi. Kowace feda da kowane ƙarfe akwai tsarkiyar da yake ja ko ya sassauta, kuma kowane makaɗi da yadda yake ɗaura nasa. Shi ya sa ba a zama kan gitar wani, kamar yadda ba a aron haƙoran roba.

Abin da ya sa aka san Orval motsi ne ɗan ƙanƙani. Yakan danne feda ta biyu, sannan ya murɗa idon sawu a hankali ya hau ta farko, sai sauti ya miƙe sama yana kuka. Manoman da ba su yi hawaye a jana'izar iyayensu ba, a nan sukan fake da gyara hula.

To, wannan idon sawun ne bel ɗin inji ya kama a kakar auduga. Likita ya haɗa ƙashin da ƙusoshi, ya ce zai yi tafiya, zai tuƙa mota, amma murɗawa kam ta ƙare.

Doyle Pruitt, mai goge kuma shugaban ƙungiyar makaɗan, ya zo dubiya da tukunyar wake da burodin masara. Ya daɗe yana zancen farashin auduga kafin ya kai ga abin da ya kawo shi.

"Na ɗauko Wendell daga garin Lubbock ya riƙe maka kujera. Riƙewa kawai, mutumina."

"Wendell mai man gashi? Wanda yake kiɗa kamar ana korarsa da kare?"

"Shi. Amma ƙafafunsa biyu na aiki."

"Bakinka ma na aiki, Doyle, ban ga ya amfane ka da komai ba."

Suka yi dariya, amma Doyle bai janye maganar ba. Ya ce in rawar bikin bazara ta zo Orval bai dawo yadda yake ba, kujera ta zama ta Wendell. Orval bai ji haushinsa ba. Tsoro ya ji, tsoro sosai, don bai san wane ne shi ba in babu kusurwar nan.

Tun yana dogara sanda ya kifa gitar a kan teburin cin abinci, cikinta a sama, sandunan ƙarfe a jere. Matarsa Nelda ta kwashe kwanoni ta koma ci a tsaye. Dabararsa mai sauƙi ce: tunda ƙafa ta ƙi, aikin feda ta farko ya koma gwiwa. Ya zaɓi gwiwar dama, lafiyayyar ƙafa, wadda kowane mai hankali zai zaɓa. Ya yanka sabuwar sandar ƙarfe a wurin aiki, ya huda, ya ɗaure, ya saita har sautin ya zauna daidai.

In yana kiɗa a hankali yana tunani, abin gwanin daɗi. Amma da waƙa ta ɗauke shi sai jiki ya koma gidan jiya. Ƙafar hagu ta nemi murɗawa, idon sawu ya ƙi, sai duk ƙafar ta karkata, gwiwa ta bangaji ƙarfen da ke gefenta na hagu, wanda aikinsa sassauta tsarkiya ne. Maimakon sauti ya hau sai ya zube ƙasa kamar saniya mai ciwon ciki. Karen maƙwabta ma ya daina zuwa ƙofarsu.

Orval mutum ne mai taurin kai, irin wanda zai yi gardama da alamar hanya. Ya ɗaure gwiwar da bel a jikin kujera, bel ya bar masa shaida. Ya yi wa ƙafar faɗa da baki kamar yaro. Kullum in ya taso aiki sai ya zauna, ya yi kuskuren, ya sake daga farko, ya kuma yi. Bazara na matsowa, labari kuma na zuwa cewa 'yan mata sun fara son kiɗan Wendell.

Wata Lahadi bayan coci yana kan kiɗa, Nelda na zaune a ƙasa tana tsince wake a faranti, idonta daidai ƙarƙashin gitar.

"Tsoho, in faɗi magana ko in yi shiru?"

"Yaushe kika taɓa zaɓar na biyun?"

"Ƙafar nan taka ba ta kuskure. Wuri ɗaya take bugu, lokaci ɗaya, kullum. Kai ne ka ajiye mata abin da ba shi take nema ba."

Ya buɗe baki zai ce me ta sani game da gita, sai ya rufe. Ya kalli gwiwar. Sannan ya ce ta ɗauke farantinta, ya sake kifa gitar.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Sai da ya kwance kusan komai, ya mai da jan feda ta farko kan ƙarfen da gwiwar hagu ke bangaza, ya kori tsohon aikin ƙarfen zuwa dama, ya rage nisan tafiyarsa don ya yi daidai da karkatar ƙafa mai ƙusoshi. Sassautawar da ta koma dama kuwa dole ya koye ta sabuwa fil, yana mai furfura. Wannan bai dame shi ba. Abin da ba a saba ba ana koyonsa, wanda aka saba ne ba ya fita.

Ranar bikin, da rana tsaka, ana jera kujeru ana gasa naman sa a bayan zaure, Orval ya shigo yana ɗingishi da akwatinsa. Wendell ya riga ya kafa tasa gitar a kusurwar. Orval ya kafa tasa a ƙasa, gaban dandamali.

Wendell ya leƙa ƙarƙashinta ya yi fito. "Baba, wa ya ɗaura maka wannan? Ai ko shaiɗan ba zai iya kaɗa ta ba."

"Ba shi na ɗaura wa ba."

Doyle ya ɗaga goge ya ja waƙar rawa mai sanyi, wadda duk nauyinta ke kan gita. Orval ya bi shi. Da aka zo wurin, ƙafar ta nemi murɗawa kamar kullum, ta kasa kamar kullum, gwiwa ta karkata, sai sautin ya miƙe sama. Ya fi na da jinkiri, yana ɗan rawa kafin ya isa, kamar muryar wanda ya yi jinya. Matan da ke jera kujeru suka tsaya da kujeru a hannu.

Doyle ya sauke goge. Ya daɗe yana goge wuyansa da hankici, ba don zafi ba.

"Wendell," ya ce, "an ce ka iya kaɗa bas, gitar nan mai kaurin murya, haka ne? Mai kujera ya dawo."

Orval bai ɗaga kai ba. Ya mai da ƙarfen kan tsarkiya.

"Koma daga farko, Doyle," ya ce. "Na makara a baiti na biyu."