Ranar da Na Tura Malam Ya Zama Ni

Ni dai da farko zaman banza ne ya kai ni. Korona ta kulle mu a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a Danau Kota, cikin unguwar Setapak ta Kuala Lumpur, hawa na sama can, inda in ka leƙa taga ba ka ganin komai sai wasu tagogin da shanyar mutane. Maigidana, wanda nake ce wa Malam, digiri na uku ya kawo shi Malesiya, ni kuma na biyo shi da yara biyu. Shi ya kama ɗaki guda ya rufe da littattafansa, yara suka kama falo suna makaranta ta kwamfuta, suna ba ni amsa da Turanci in na yi musu Hausa. Ni aka bar ni da kicin da waya. Sai in wuni ban yi hira da wani babba ba, in ban da "an gama abinci" da "to gani nan".

Wata la'asar ina ta latse-latse na faɗa kan wasan besbol da ake yi a Koriya. Lokacin duk duniya an daina wasanni, su kaɗai na ga suna yi, fili wayam ba ɗan kallo. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya maka mata gora, ya yar da gorar ya ruga. Na ce kai, aikin banza, manya da gemu! Amma ban kashe ba. Ƙungiyar da aka lallasa ranar ita na ji tausayi, washegari na koma in ga ko za su rama, aka sake lallasa su. Haka na maƙale. Wallahi da zan zaɓa da hankalina ba zan zaɓi waɗannan ba, kullum suna can ƙasan tebur kamar ƙanzo a tukunya.

Da na rasa wanda zan yi wa ƙorafinsu, sai na buɗe guruf a waya don masoyansu da ke Malesiya, na baza a intanet. Na ɗauka ba wanda zai shigo. Ashe muna da yawa, marasa rabo. Akwai wani tsoho Basine da ya yi ritaya daga tuƙin tasi, kowa Ankul yake ce masa. Akwai wata nas Bamalaya, ba ta cika magana ba, sai dai ta sa alamar zuciya a ƙarƙashin rubutu. Sai kuma wasu samari biyu 'yan Najeriya, ɗalibai a unguwar Wangsa Maju, masu surutun tsiya. Ni ce admin. Ni ke sa lokacin wasa, ni ke raba faɗa, ni ke goge tallan maganin korona. Kuma duk ranar da aka ci mu, wato kusan kullum, da an tashi nakan rubuta 'yan layuka na rarrashi da Turancina na sakandare, in ce wane ya yi ƙoƙari, wane hannunsa ne ya gaji, a yi haƙuri a ci abinci. Har ya zama ba mai cewa uffan bayan wasa sai saƙon admin ya shigo.

Hoton da na sa hular ƙungiyar ce, suna kuwa admin kawai. Ankul ya fara ce min bos, samarin nan suka ɗauka da oga, kowa ya tafi a kan namiji ne. Ban gyara ba. Hausawan Kuala Lumpur ba mu da yawa, in ka yi atishawa a Setapak sai a ce maka yarhamukallah daga Kano. Samarin nan kuma masallacin Juma'a ɗaya suke zuwa da Malam. Ina zan kai kunyar a ce matar Malam, uwar 'ya'ya, ita ce ke can tana shugabantar maza a kan ƙwallo? Na san ranar da maganar ta fita, dole in rufe guruf ɗin, kuma in na rufe shi na koma ni da tukwane. Shi kansa Malam ya san ina kallo, bai san sauran ba.

Haka muka ci shekara muka shiga ta biyu. Da aka yi rigakafi aka sassauta doka, aka yarda mutane su zauna su ci abinci a waje, sai Ankul ya kawo shawarar da ta hana ni sukuni. Wai mu haɗu a wani shagon mamak, wato na shayi da abinci, a Wangsa Maju mu kalli wasan ƙarshe na kakar tare, mu makan, wato mu ci abinci, kuma su ga bos ido da ido. Na ce ina da aiki. Ya ce Lahadi ce. Na ce mura nake yi. Ya ce sauran sati biyu, za ta warke lah, kamar yadda suke ƙarasa magana a nan. Tsohon nan ya iya naci, Allah ya sani.

Na rasa yadda zan yi, na je na ƙwanƙwasa wa Malam ƙofa, na zayyana masa komai kaina a ƙasa. Ya yi dariya har da tari. Sannan na ce ina so ya je a matsayin shi ne admin. Dariyar ta tsaya.

"Ni? Ni da ko ƙwallon ƙafa ban san wa ke cin wa ba? Haba Hajiya, ƙarya za ki sa ni da girmana?"

"Malam, ba ƙarya za ka yi ba, zama kawai za ka yi. In sun tafa ka tafa, in sun yi tsaki ka yi tsaki. Don Allah ka rufa min asiri."

Na yi kwana biyu ina magiya, har da dafa masa dambun shinkafa, kafin ya yarda. Na koya masa sunan mai jifa da na mai gora, ya haddace kamar zai yi jarrabawa.

Ranar muka bar yara wurin maƙwabciya muka tafi. A ƙofar shagon aka auna mana zafin goshi. Mutane sun fi yadda na zata, an jera tebura da tazara, an jingina babbar kwamfuta a jikin tulun ruwa. Samarin nan na ganin Malam suka miƙe da ihu. "Oga! Ashe kai ne? Kullum muna gaisawa a masallaci ka yi mana shiru!" Ankul ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ƙi saki, sannan ya ɗora masa sabuwar hular ƙungiya da suka saya masa. Malam ya nuna ni ya ce iyalinsa ce ta rako shi. Aka gaishe ni sama-sama, na ja kujera a teburin gefe, ni kaɗai, na karɓi shayina. Ina kallo ana yabon aikina ana kallon fuskar wani. Zuciyata ta yi zafi, amma wa zan yi wa fushi? Ni na haɗa abina.

Malam ya yi bakin ƙoƙarinsa, bawan Allah. Sau ɗaya dai ya tafa lokacin da aka fitar da ɗan wasanmu, kowa ya juyo, samarin suka ce oga ya iya zolaya. Ni kuwa na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur. Abin haushi, ranar ƙungiyar tamu ta yi wasa kamar ba ita ba, muna gaba har kusan ƙarshe. Na manta da Malam, na manta da kowa, ina leƙen kwamfutar ta gefen kafaɗar Ankul, ina murza bakin hijabina. A zagayen ƙarshe mai jifanmu ya gaji, aka maka ƙwallon ta fice daga fili. Shi ke nan, an sake cin mu. Kowa ya sunkuya kan shayinsa.

Sabo turken wawa. Ban san lokacin da na ciro waya a ƙarƙashin tebur na rubuta ba. Na ce yaron nan ya jefa iya ƙarfinsa, kar kowa ya zage shi, mun ga juna yau kuma wannan ma nasara ce. Na tura.

Wayoyi suka yi ƙara a tare. Kowa ya duba, sannan kowa ya ɗago ya kalli Malam. Shi kuwa hannun damansa dumu-dumu cikin miyar roti, gurasarsu ta nan, na hagu riƙe da kofin shayi, wayarsa na aljihu. Innalillahi! Ya kalle su, ya kalle ni, ya ajiye kofin a hankali. Ya cire hular da hannun hagu ya ɗora a kan tebur.

"Ku yi haƙuri," ya ce da Turanci. "Ni rakiya na yi. Ga admin ɗinku can." Sannan ya juyo da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Hajiya, taso ki karɓi kayanki. Na gaji."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Na sa mijina ƙarya a gaban yaran da ke girmama shi, na yaudari tsohon da ya riƙe hannunsa da zuciya ɗaya, ga shi kuma an gane ni. Samarin suka sunkuyar da kai suna "sannu Anti" kamar su suka yi laifin. Ankul kuwa sai ya kwashe da dariya yana buga tebur, ya ce bos dai bos ne lah, ya turo min hular. Ba wanda ya ce a rufe guruf, har Malam. Na ɗauki hular na ce Alhamdulillahi.

Ana shirin tashi sai wata mata ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, siririya, idanunta sun faɗa. Ta ce ita ce nas ɗin. Ta ce a watannin da asibiti ya cika, ba ta zuwa gida wurin mahaifiyarta don kar ta kai mata cutar, ɗaki ta kama ita kaɗai a nan Setapak. In ta taso aiki ba ta da wanda za ta yi wa magana, sai ta buɗe guruf ta karanta rarrashin admin, ko da ba ta ga wasan ba.

"Sau da yawa na buɗe lambarki zan yi magana, ni da ke kawai," ta ce. "In rubuta in goge. Na ce bai dace in riƙa tura wa mijin wata saƙo ba."

Na tambaye ta ina ɗakin yake. Ta faɗi sunan layin. Daga tagar kicin ɗina ana hango shi.

Ta ce yanzu an mayar da ita wani asibiti a jiharsu, jibi za ta tafi. Ta kama hannuna ta matse, ba ta yi fushi ba, ni kuwa da ta yi ma da ya fi min sauƙi.

"'Yar'uwa," ta ce, "da na san mace ce, da na kira ki."