Eh Biyu a Takarda Ɗaya

Ina gaida masu kula da wannan shafi da masu karanta shi. Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don har yau ban gama gane abin da ya same ni ba, balle in iya tsara shi. A lokacin ina da shekara talatin da 'yan kai, 'yar Damagaram, da aure da 'ya'ya uku, muna zaune a wani ƙaramin gari da ke manne da Lyon. Da na zo Faransa na fara zama wurin yayana a Clichy-sous-Bois, shi yana sarin kaya a Aubervilliers. Aure ne ya kai ni Lyon, inda maigidana yake da shagon kayan abincin gida, ranar kasuwa kuma ya kafa tebur a dandalin gari. Na yi lakwal, wato makarantar boko, a gida da ɗan nisa, saboda haka a cikin matan unguwarmu, 'yan Nijar da na Chadi da na arewacin Kamaru, ni ce mai Faransanci. Duk wadda abu ya shige wa duhu ƙofata take ƙwanƙwasawa. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin hakan, har na saba ba na cewa ban sani ba.

A hawan ƙasa na benenmu akwai wata dattijuwa 'yar Chadi da nake ce wa Inna. Ita ta yi mini wankan jego a haihuwata biyu, ita ta tsaya mini a matsayin uwa a ƙasar da ba ni da uwa. Gwiwoyinta sun gaji, idonta ya yi rauni, ɗanta ɗaya tilo kuma yana Paris. Abin da ya sa take iya zama ita kaɗai a ɗakinta shi ne wata ƙaramar mota ta meri, wato ofishin magajin gari, da ke zagawa tana ɗaukar tsofaffi ta kai su kasuwa da wurin shan magani, ranar Juma'a ma direban yakan sauke ta kusa da masallaci.

Wata shekara meri ta ce kuɗin gari ya yi ƙasa, rigima ta tashi, aka yanke a ji ra'ayin jama'a. Ba zaɓen gwamnati ba ne, duk mazaunin garin zai jefa ƙuri'a ko ba shi da takardar ɗan ƙasa, kuma yawancinmu ba a taɓa tambayarmu komai ba tun da muka zo. Tambaya biyu aka sa a takarda ɗaya. Ta farko 'yan kasuwa da masu gidaje suka kawo, a rage harajin gari, lanho kamar yadda muke faɗi a gida. Ta biyu iyayen yara da ƙungiyoyi suka kawo, kada a taɓa gidan renon jarirai da abincin makaranta da cibiyar yara, a nemo kuɗinsu ta hanyar da ta dace. Na karanta wannan "hanyar da ta dace" har na haddace, ban gane wace hanya ba ce. Na tambayi maigidana, ya ce eh a ta farko, a'a a ta biyu, masu ta biyun so suke su tatse mu. Na tambayi Baturiyar da ke kula da cibiyar yara, wadda 'ya'yana ke zuwa wurinta kullum, ta ce akasin haka, masu ta farkon so suke su rufe komai. Da na ce mata ko mutum zai iya cewa eh a duka biyun, sai ta yi murmushi ta ce doka ba ta hana ba. Kowa na yi wa magana sai in ji shi ne mai gaskiya, sai na bar wurinsa kaina ya sake kullewa.

Ana cikin haka matar yayana ta haihu, na hau jirgin ƙasa na tafi suna Clichy. Bayan an ci abinci na kai wa maza shayi, na tarar ana musu a kan haraji, sai na faɗa wa yayana halin da garinmu ke ciki. Wani Alhaji ɗan Kano, abokin sarinsa, ya ce shi dai ya san rijiyar da ba ta da ido ba a yi ta ɗiba, wanda ke son a yi masa aiki ya biya. Yayana ya yi dariya ya ce Alhaji bai san Turawa ba, kuɗi na nan jibge, a furannin shataletale da fitilun biki suke ƙarar da shi. Ya juyo ya ce mini, "Ke ki ce eh a duka biyun. A rage mana lanho, a bar wa yara abincinsu, su kuma su rage almubazzaranci. Ina wahala a nan?" Babu ɗayansu da ya taɓa kwana a garinmu, amma maganar yayana ta kwanta mini, domin ta raba ni da zaɓi tsakanin mijina da 'ya'yana. Na koma Lyon zuciyata wasai.

Matan unguwa suka taru a falona kafin ranar ƙuri'a, na yi musu bayani da Hausa kamar ni na rubuta tambayoyin. Na ce eh a sama, eh a ƙasa, kowa ya samu. Aka yi ta shewa. Inna ce kaɗai ta ɗaga hannu ta ce, "'Yar nan, motar da ke ɗaukata tana cikin wacce?" Na ce tana cikin ta biyu. Ban duba ba, ban tambayi kowa ba, a ganina ai duk abin taimako yana can. Ta ce to alhamdulillahi. Ranar ƙuri'a muka fita da kwalliya kamar ranar Salla, a wannan motar ma aka kai Inna, ni na riƙe mata hannu na nuna mata inda za ta sa alama.

Duka biyun suka wuce. Da yamma 'yan kasuwa na murna a bakin dandali, iyayen yara na murna a cibiya, kowane ɓangare na cewa shi ya ci. Ni ma na yi murna, ban san wa nake tayawa ba. Daga nan aka shiga zaman majalisar gari wata da watanni. Na je sau ɗaya na zauna a baya. Kowace kalma da aka faɗa na san ta, amma da aka tashi ban iya faɗin abin da aka yanke ba. Sai da sabuwar shekara ta kama muka gani a aikace. An rage lanho kaɗan, yadda aka yi alkawari. Ba a taɓa gidan reno da abincin makaranta ba, yadda aka yi alkawari. Amma kuɗin kafa tebur a kasuwa ya hau, kuɗin ajiye mota ma ya hau, motar tsofaffi kuma aka tsayar da ita, domin ashe babu sunanta a ko ɗaya daga cikin tambayoyin. Furannin shataletale suna nan inda suke.

Maigidana ya ce masu ta biyu suka ja masa. Baturiyar cibiya ta ce masu ta farko suka ja wa tsofaffi. Da maigidana ya ji a bakin wani abokinsa abin da na faɗa wa mata, ya dawo gida ya ce na raba ƙafa, na ci amanarsa a gaban mutane, muka yi makonni sai gaisuwa. A cikin mata wata ta ce 'yan kasuwa suka saye ni, wata ta ce meri ce ta sa ni, waɗanda suke cika falona suka koma gaishe ni daga nesa. Na kira yayana a waya, ya ce shi ra'ayinsa ya faɗa, ba shi ya ce in tara mata ba. Na rasa wanda zan kama. Wani lokaci in ce ƙuri'unmu ba su taka kara sun karya ba, ko ba mu ma haka za a yi. Wani lokaci in tuna an ce tazarar ƙuri'un ba ta da yawa, sai in ga da hannuna a ciki.

Na yi ƙoƙarin toshe ɓarakar. Na roƙi maigidana yana kai Inna kasuwa a motar kayansa, ya yi sau 'yan kaɗan, aiki ya sha kansa. Na ce mu mata mu riƙa raka ta bi da bi, abin bai ɗore ba. Ita kuma ba mai son roƙo ba ce. Wata safiya cikin sanyi ta fita da sandarta ita kaɗai za ta sayo magani, ta zame a bakin titi ta karya ƙugu. Da aka sallame ta daga asibiti ɗanta ya zo ya kwashe ta zuwa Paris, wani ɗan ɗaki a saman bene kusa da Porte de la Chapelle, inda ba ta san kowa ba.

Na ɗauki lokaci kafin in iya zuwa. Ranar da na je na same ta a kujera bakin taga, ƙarar motocin babban titi na shigowa. Ta gane muryata tun daga ƙofa. Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi maigidana da kasuwa. Na durƙusa na ce ta yafe mini, na gaya mata abin da ban tabbatar ba. Ta ce in tashi, ba ni na tura ta a titi ba, abin da Allah ya rubuta ba ya gogewa. Sannan ta ce akwai abin da take son ta tambaye ni tun tuni, ɗanta bai sani ba. "Wai ƙuri'ar nan da muka yi kwalliya muka je, mun ci ne ko an cinye mu?" Na ce, "Inna, wallahi ban sani ba." Ta ce to, ta sa aka kawo mini shayi. A wannan ɗakin ta rasu bayan 'yan shekaru, Allah ya jiƙanta.

Ni da maigidana mun shirya, matan ma yawancinsu sun dawo, amma har yau in aka zo ana gardamar haraji da kuɗin gwamnati nakan ja bakina, domin na ga yadda kowane ɓangare ke faɗin gaskiyar da ta yi masa daɗi ya bar sauran a aljihu. Abin da nake roƙon masu karatu, musamman waɗanda Allah ya ba ɗan karatu a cikin mutanen da ba su da shi, ku ji tsoron amanar da aka ɗora muku. Iya harshe daban, gane magana daban. In aka kawo muku alkawari biyu masu daɗi, ku tambaya wa zai biya, ku tambaya me aka bari ba a ambata ba, domin a can wuƙar take sauka. In kuma tsohuwa ta tambaye ku abin da rayuwarta ta rataya a kai, ku ce ta jira ku je ku tambayo. Kunyar hakan ta yini ɗaya ce, tawa kuwa har yau ina ɗauke da ita.