Ta Wanke Rigar

Tana zaune a bencin asibiti, siririya, hannuwanta duk kaushi kamar na mai wankau. 'Yarta na kwance a cinyarta, yarinyar da ko famfara ba ta gama ba. Matan da muke layi tare na raɗa cewa maƙwabcinsu ne ya yi mata fyaɗe.

Nas ta leƙo. "Maman yarinya, ina kayan da ke jikinta ranar?"

Matar ta buɗe leda, ta miƙa 'yar riga a ninke, har da guga.

"Wankewa kika yi? Baiwar Allah, shaidar da za a kai kotu ke nan fa!"

"Na ga bai dace in kawo muku da datti ba, anti."

Raina a ɓace yake, amma ba da ita ba. Abin da aka koya mana ke nan: a wanke, a rufe, a yi shiru. Wa ya taɓa ce mana a adana? Shi kuwa ƙaton banzan, ina jin yana ƙofar gida yana shan iska.

An shiga da yarinyar. Uwar na kallon tafukan hannunta, tana juya su.