Kumfa a Bakin Karen Malam

Ko sunana zan manta, ba zan manta ranar da mazan unguwarmu suka zo da sanduna za su kashe karen mijina ba. Shekarar fari ce, gero ya ƙone a tsaye. Ina cikin takaba, Malam ko arba'in bai yi ba. Har yau in na ambace shi sai hawaye. Abin da ya bar mini ke nan: rabin rumbu da karen da ke gadinsa.

'Yata da ke aure a birni ta zo zaman makoki da wani fure mai yaɗo a gwangwani, ganyensa kore da ɗigon rawaya. Na ajiye shi gindin randa, ya kama rumfa ya hau. Duk gidan shi kaɗai ne ɗanye, ga dabbobi ba sa samun ko ƙanzo.

Wata safiya na tarar da karen yana dalalar da yawu, yana kartar baki da ƙafa. Kafin hantsi labari ya zaga wai ya haukace.

Sai ga maza da sanduna a ƙofar gida, ƙanin mijina ne a gaba. Ya ce, "Yaya, matsa. Kumfa ce fa a bakinsa."

Ni kuwa na riga na ga kyanwata a bayan randa, ita ma haka, ga ganyen furen a tattaune. Na ɗana ɗaya a harshe, ya kama ni da ƙaiƙayi kamar ɗanyen gwaza.

Na tare ƙofa, na miƙa masa ganyen. "Kyanwar ma haukacewa ta yi? Ungo, lasa."

"Mai takaba da ɗaga murya?"

"Wanda nake wa takabar shi ya reni karen nan. Sai dai ku fara da ni."

Ya lasa don ya kunyata ni. Sai ga shi yana tofar da yawu, yana neman buta. Wani dattijo ya ce, "To, shi ma a miƙo sandar?" Aka tuntsire da dariya, sanduna suka sauka.

Na ɗaure karen mako biyu don hankalin kowa ya kwanta, ina ba su ruwa da ɗan nono, shi da kyanwar. Kwana biyu suka ware. Furen kuwa na tuge shi na binne. 'Yata ta yi fushi, na ce ta yi ta yi.

Karen ya ƙara shekara shida a gindin rumbu. Tun ranar na san ba kowane kyakkyawan ganye ake shigarwa gida mai dabba ba, kuma kafin ka ɗaga sanda, ka sunkuya ka duba abin da aka tauna.