Inda Amalanken Baba Ya Tsaya

Ni ɗan fari ne, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai wannan" yake ce mini, ko kuma ya juya ya gaya wa ƙanena magana alhali ina zaune a gabansa. Yabo kuwa sai dai in tsince shi a kasuwar Urafane, a ce tsoho ya ce yaron nan na Maraɗi yana zanen gine-gine. Ba zan ɓoye ba, har na yi furfurar fari ina jiran ranar da zai dubi aikina ya ce madalla.

Da wani ɗan kasuwa ya ba ni aikin zana masa asibiti a Tasawa, sai na ce to, ranar ta zo. Bene ne a bakin kwalta. Mai ginin ya ga irin na Yamai, kuma abin da ya fi nanatawa shi ne wurin ajiye motoci: fili babba, a shiga ba wahala, a fita ba wahala. Na tura ginin can baya, na bar gaban duka ga motoci. Maimakon matakala na yi gangara saboda keken marasa lafiya. Ruwan damina da ke kwararowa daga kwalta na yi masa lambatu a bakin ƙofar shiga, na rufe shi da sandunan ƙarfe a jere, da tazara tsakaninsu, ruwa ya zuba ƙasa, mota ta wuce ta sama. Na ji daɗin wannan dabara ƙwarai.

Bayan an yanke hatsi na kai takardar ƙauyenmu. Na shimfiɗa ta kan tabarma, na danne bakinta da duwatsu. Baba bai yi lakkwal ba, wato makarantar boko, amma ya daɗe yana kallo. Ya nuna ƙananan akwatunan da na jera, na ce kowane na mota ɗaya ne. Ya bi su da yatsa har ya gaji.

Sai ya dubi ƙanena ya ce, "Tambaye shi, ina san amalanke zai tsaya?"

Na yi dariya. "Baba, birni ne fa."

"Marasa lahiyar duk daga birni za su hito?"

Ya ɗora yatsa kan layukan bakin ƙofa, na yi masa bayanin sandunan. Ya girgiza kai ya ce, "Sa ba ya taka abin da yake hangen rami ƙarƙashinsa."

Wallahi raina ya ɓaci. Wata biyu ina kan aikin nan, abin da tsoho ya gani a ciki kawai sa! Na naɗe takardata, ko furar da aka dama mini ban shanye ba. Da na koma ofis ban sauya ko layi ɗaya ba. Taurin kai a wurinsa na gado shi, sai dai nasa da sani a ciki.

Aka yi gini, aka buɗe, na sha hannu da manya. Daga baya in na biyo hanyar nakan ga amalanke jere a wajen katanga, shanu da jakuna na tsaye a rana. Na ɗauka mai gadi ne ke hana su shiga saboda ƙazanta. Ban taɓa tsayawa na tambaya ba.

A damina ta uku ciwo ya kama Baba. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya. Ruwa ya cinye hanyar ƙauyenmu, mota ba ta shiga. Ƙanena ya shimfiɗa masa katifa a amalanke, ya ɗaura sanmu, suka taso bayan sallar asuba. Ni kuma na zo daga Maraɗi na jira su a ƙofar asibiti. Sai wajen azahar suka iso.

San ya zo bakin sandunan, ya sunkuyar da kai, ya shinshina, ya ja da baya. Ƙanena ya ja igiya, ya ƙi. Ya ɗaga sanda zai buge shi, Baba ya ce daga kwance, "Bar shi. Ba laihinsa ba ne."

Mai gadi ya matso, dattijo ne shi ma. Bai san ko ni wane ne ba. Ya ce mini, "Malam, tun ranar da aka buɗe wurin nan haka muke yi. Ko jaki da ƙyar. Sai dai ku ɗauke shi, keken yana sama, an hau da wata mara lafiya."

Na durƙusa, ƙanena ya ɗora mini Baba a baya. Ban taɓa sanin ya rame haka ba. Na tsallake sandunan na shiga filina. Motoci uku ne kacal a cikinsa, sauran duk farin layi ne a kan siminti mai zafi. Numfashinsa yana a kunnena, yana fita da ƙara. A tsakiyar fili ya ce, "Kai wannan, tsaya in huta." Na duba dama, na duba hagu, babu inuwa ko ta ɗan tsako. Ni na sa aka sare gawon da ke wurin don layin motoci ya miƙe. Na tsaya da shi cikin rana, kunya ta rufe ni. Na jira ya ce ai na gaya maka. Da ya faɗa da na ji sauƙi, amma bai faɗa ba.

Kwana huɗu ya yi. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, ban ga laifin kowa ba. Ranar ta biyar da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Muna tsaye a barandar asibitin, ƙanena ya ce mini, "Yaya, ka san akwai ƙaramin asibiti kusa da mu. Shi ya ƙi. Ya ce a kawo shi ginin yaron nan ya gani da idonsa."

Na sauka na ari shebur wurin mai gadi. Muka samo katako biyu da buhunan wofi, muka shimfiɗa kan sandunan, na yi ta ɗebo rairayi daga bakin hanya ina zubawa har ƙarfe ya ɓace. Aikin bai kai rabin awa ba. Ina yi ina hawaye, mutanen da ke jira a wajen katanga suna kallona.

Ƙanena ya janyo san da amalanken a bayansa. Ya shinshina rairayin, ya taka, ya wuce abinsa. Ya ratsa filin a hankali, ya bi ta kan fararen layukana, ya tsaya daidai bakin gangara. Shi ne amalanken farko da ya taɓa isa ƙofar asibitin nan, kuma gawar Baba ya zo ɗauka.