Mai Agogo Ya Leƙa Cikinsa

Mai Agogo mutum ne da ba ya ganin abu a rufe ya wuce. Tun yana yaro ya kwance rediyon mahaifinsa don ya ga masu maganar da ke ciki, ya sha duka, washegari ya kwance tocila. Da ya girma sai ya sami sana'ar da ta dace da halinsa: ɗan teburi a bakin titi kusa da mai gyaran takalma, gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya, da hantsaki siriri.

Amma yana da doka guda: agogon da ke tafiya ba a buɗe shi. Ko ka roƙe shi ya duba maka, karawa zai yi a kunne ya miƙo maka abinka. "Yana bugawa. Datti kawai za mu sa masa."

Abin haushin shi ne da wannan doka yake auna jikinsa. Yayansa, direban babbar mota, ya daɗe yana fama da gyambon ciki, daga baya ya rikiɗe ya zama ciwon daji ya tafi da shi. Shi ma Mai Agogo ƙirjinsa na zafi, loma kaɗan ta ƙosar da shi, wandonsa ya soma yi masa yawa. 'Yarsa ta fari, malamar makaranta, ta yi magiya, ta yi fushi, ta yi kuka a kan ya je a duba cikin. Shi kuwa ya ce yana ci yana tafiya, me za a buɗe?

Da ta ga tsoro ba ya kama shi, sai ta biyo ta inda ta san lagonsa.

"Baba, wai kyamarar da suke zurawa ba ta kai ƙwayar wake ba, ga fitila a bakinta."

Ya cire gilashin daga idonsa. "To, wa ke juya ta a ciki?"

"Oho. Sai wanda ya gani."

A asibiti ya kafa sharaɗi: kada a sa shi barci, kuma a juyo da allon da ke nuna hoton cikin ya fuskance shi. Likitar, wata mace mai haƙuri, ta fesa masa magani a maƙogwaro ta zura siririn tiyo. Hawaye na zuba, yana kakarin amai, amma idonsa bai bar allon ba. Ya ga cikinsa jajir, mai naɗe-naɗe, da wani ɗan tabo inda likitar ta tsaya ta tsinki ɗan nama.

Ranar karɓar sakamako ma tambayoyi ya zo da su, 'yarsa na zaune gefe. Likitar ta ce wata murɗaɗɗiyar ƙwayar cuta ce ta jawo tabon, kuma tana zaune a cikin mutane da yawa.

"A cikin ruwan da ke narkar da nama? Ita me ya hana ta narkewa?"

"Tana fitar da wani sinadari da ke kashe kaifin ruwan a kewayenta, sannan ta murɗa da jelarta ta shige ƙarƙashin majinar da ta lulluɓe bangon cikin."

"Kamar noti ke nan," ya ce, har da murmushi. "To, in ta yi yawa haka, me ya sa ta kashe yayana ta bar maƙwabtansa?"

"Ba duka halinsu ɗaya ba, Baba. Wata zaman haya kawai take yi. Wata kuwa tana da abu kamar allura, tana tsira wa bangon ciki dafi, har ƙwayoyin naman su rikice su yi ta hayayyafa ba tsari. Shekara da shekaru ana haka sai gyambo, wani lokaci daji. Taba da yawan gishiri kuma suna taya ta."

Nasa tabon, in ji ta, ya fara canzawa amma bai kai ga daji ba. Za a kashe ƙwayar da magani, a riƙa dubawa. Malamar ta yi ajiyar zuciya har jakarta ta zame daga cinya ta kife a ƙasa. Shi kuwa bai gama ba.

"Ta ina take shiga?"

"Galibi tun ana yara, a gida ɗaya: cokali, kofi, ruwa marar tsabta. Sau da yawa iri guda ne ke yawo a iyali."

Ya sunkuya yana taya 'yarsa tsince kaya, ga alli, ga makulli, sai hannunsa ya kai kan wani kati na ƙwayoyin tsotsa, saura kaɗan ya ƙare. Ya san su sarai, irinsu yake ɓoyewa a aljihun teburinsa saboda zafin ƙirji.

"Na ciwon kai ne," ta ce, ba ta dube shi ba.

Yarinyar nan da cokalinsa ya ciyar da ita, yana ɗanɗanawa kafin ya ba ta. Tsoron da bai taɓa ji wa kansa ba ya kama shi. Ya miƙe, ya riƙo tsintsiyar hannunta ya zaunar da ita a kujerar da ya tashi.

"Likita, ga wata," ya ce. "Ranar da za ki duba ta ni a waje zan jira. Wannan ba zan iya kallo ba."