Alayyahon Bello

A gidanmu na Bakura, bayan sallar magariba, Kaka Ige kan zauna bakin murhu tana jiran tuwo ya turara, mu jikoki mu kewaye ta. Wurina sananne ne, jikin gwiwarta ta dama, don ni take kira "maigida" cikin wasan kaka da jika. Haka muke har aka kawo Bello, ɗan baffana, daga Maradun, aka sa shi ajinmu.

A shekarar ce makarantarmu ta buɗe lambu bayan azuzuwa, aka ba kowane yaro fangali ɗaya da irin alayyaho. Nawa ya fito siriri, kamar ba ya so. Na Bello kuwa, da yake ya saba bin babansa fadama, ganye fato-fato. Ranar da ya kawo damin farko gida, Kaka ta ɗaga shi sama ta ce, "To, na yi sabon miji! Wanga shi ka kawo cefane. Kai tsohon, matsa can." Kowa ya yi dariya ban da ni.

Kishi ya koya mini sammako. Kafin a kaɗa ƙararrawa sai in lallaɓa lambu, in bi fangalin Bello ina tsinke kan kowane tsiro da farce, wai don ya daina girma. Cikin mako biyu, duk inda na tsinke sai ga rassa biyu ko uku sun fito. Fangalin ya cika har ba a ganin ƙasa. Malamin noma ya tara mu a kansa yana ta yabo, ni kuwa kamar in fashe da kuka.

Wani maraice Kaka ta kama hannuna za ta ba ni gyaɗa, ta dubi koren da ya maƙale a farcena. Sai ta gyara zama, ta soma tatsuniya.

"Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri," in ji ta.

Wai akuya da tunkiya ne suka shuka rama. Ta tunkiya ta fi kyau, abin ya tsaya wa akuya a rai. Kullum da asuba sai ta je ta ciji kan ramar tunkiya, ramar kuwa ta yi ta rassa. Gonar akuya kuwa, da ba ta sami mai ba ta ruwa ba, ta bushe ƙurmus. Da aka yi girbi, tunkiya ta taka har gidan akuya ta ce, "Sannu da aiki, maƙwabciya."

"Nan ta tsaya," in ji Kaka, idonta a kaina. "Maigida, mi kaj ji?"

Na ce barci nake ji.

Washegari na ɗebi ruwa na koma fangalina, na tsinke kan nawa. Ya yi kyau, na kawo dami har sau uku, Kaka ta sa mini albarka. Amma gwiwar dama ta zama ta Bello har ta rasu.

Yanzu ni ke kula da lambun wata firamare kusa da Talata Mafara. In na ga yaro ya ƙura wa fangalin wani ido, ba na tsawata masa, na san karatu yake yi. Bara da Bello ya zo mini yawon salla, na daure na gaya masa abin da na yi. Ya yi dariya har da hawaye.

"Ai ina kallonka ta tagar aji," ya ce. "Baba ya daɗe yana ce min in riƙa tsinkewa, ƙiwa ta hana ni, sai Allah ya kawo ka."

Na taya shi dariya, amma wallahi wannan dariyar ta fi ta bakin murhun Kaka ciwo.